Shekarar da Aka Dawo Mini da Tuwona

Na san abin da ake faɗa a garin su babanku. An ce ni na raba shi da danginsa, na riƙe shi a Kaduna yana cikin ciwo don kada gida ya kuɓuce mini. Wasu ma sun ce asiri na yi masa. Ranar da autarku ta dawo daga biki a can, ta zauna a bakin gadona tana ta kame-kame, ta kasa haɗa ido da ni, na gane maganar ta iso kunnenku. To, masu faɗa ba su yi ƙarya duka ba. Gaskiya ne na hana a tafi da shi. Gaskiya ne kuma Baffanku Alhaji, yayan babanku, ya koma ga Allah bai sake cin abincin da hannuna ya taɓa ba. Dalilin ne ba su gaya muku ba, don su ma ba su san shi ba. Cikin manyan da suka ga abin ni kaɗai na rage, ku kuwa a lokacin wani yana goye wani yana wasan ƙasa. Shi ya sa zan rubuta muku da ɗan bokon da babanku ya koya mini, tun idona bai ƙarasa gajiya ba.

A lokacin muna Unguwar Shanu, a gidanmu na farko, ginin ƙasa mai rufin kwano, zaurensa yana kallon lungu. Babanku akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, har sunansa na yanka ya ɓace a unguwa, kowa Akawu yake ce masa. Mutum ne mai tsafta har ta yi yawa. In ya ga ɗigon manja a bakin hannun rigarsa, ranar nan sai an ji a jikinmu. Rubutunsa kuwa kamar da inji aka buga. Kullum da safe zai cusa ƙafar wandonsa cikin safa, ya hau kekensa, ya bi ta Abakpa ya nufi ofis, hularsa a karkace ta gefe guda yadda yake so. Ba mai yawan magana ba ne a cikin gida. Duk surutunsa yana tara shi ne ya kai wurin ciyayya.

Ku 'yan yanzu da kowa ke rufe ƙofa ya ci nasa, sai na yi muku bayanin ciyayya. Da an idar da sallar magariba, kowane magidanci a lungunmu zai sa a fito da tuwon gidansa a kai ƙofar gidan Alaramma, malamin allon unguwar, wanda shi ne yake jan su salla. A shimfiɗa tabarmi, a jera languna. Ba wai kowa ya ci nasa ba. Langa ɗaya ake jawowa tsakiya, mai ita ya buɗe, ya yi bisimilla, ya fara sa hannu, sannan kowa ya sa. In ta ƙare a jawo ta gaba. Wanda miyarsa ke da nama da wanda tasa lami ce duk a tabarma ɗaya ake tashi a ƙoshe. A nan ake jin wanda aka yi wa haihuwa, da wanda aka yi wa canjin wurin aiki, a nan ake kashe rigima tun ba ta girma ba. Mu mata muna cikin gida, amma kada ku ɗauka ba mu cikin wasan. Wadda langarta ta dawo a suɗe ta kwana da farin ciki, wadda tata ta dawo da saura kuwa, kafin hantsi duk lungu an sani. Ba yabon kai ba, tawa ba ta taɓa dawowa da ko loma ɗaya ba.

Cikin 'yan ciyayyar akwai Garba Direba, wani Bakano mai jan motar ma'aikata. Kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi, babanku kuwa Bazazzagi ne na gidi. Daga tsakar gida nake jiyo su.

"Bazazzagi, matsa can, bawa ba ya zama kusa da ubangidansa."

"Wane irin ubangida ne kullum sai ya suɗe langar bawansa?"

Sai ka ji lungu ya ɗauki dariya. Haka suke kowace rana, ba sa gajiya.

A shekarar da aka sauya hannun tuƙi, motoci suka koma dama, rediyo na ta jan kunnen direbobi, a shekarar ne babanku ya faɗi. Da damina ne. Ya gama shirin ofis, na miƙa masa shayi, sai na ga kofin ya zame daga hannunsa ya kife masa a riga. Na ɗauka faɗa zai yi. Ya buɗe baki, sai wani sauti ya fito wanda ba magana ba, bakin ya karkace, ya sulale daga kan kujera. Garba ne ya ɗauke shi a mota zuwa asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki na dama. Ya ce rai dai ya tsira, sauran sai a hankali, ya kuma ja mini kunne a kan gishiri, ya ce ko ƙwaya kada ya shiga bakinsa. Bayan 'yan makonni aka sallamo mana shi, hannun dama na reto, ƙafa yana jan ta, aka shigo da shi ɗakinsa mai tagar da ke kallon lungu.

Kafin nan ban taɓa sanin yawan abin da mutum ke yi da hannu biyu ba. Zariyar wando ba ta ɗauruwa da hannu ɗaya. Buta ba ta zubo maka ruwa kana wanke hannun da ke riƙe da ita. Sanya riga ya zama kokawa, sai an fara zura mataccen hannun sannan mai rai. Alwala ni nake yi masa, salla a zaune, ni nake juya shi ya dubi gabas. Wannan duk da sauƙi a kan maganar. Kalmomi suka riƙa ɓace masa. Zai dubi buta, ya san buta ce, ya san me yake so da ita, amma sunanta ya ƙi zuwa, har gumi ya karyo masa. Sunana ma ya tafi. In yana nemana sai ya buga cokali a ƙarfen gado. Jarida da yake cinyewa daga farko har ƙarshe, yanzu layi biyu ya ajiye ta ya dafe kai. Wani lokaci hawaye ya zubo masa haka kawai ba dalili, shi da ko rasuwar mahaifiyarsa ban ga hawayensa ba, ya rasa hannun da zai share da sauri kafin in gani.

Amma hankalinsa na nan garau, abin da mutane suka kasa ganewa ke nan. Masu dubiya za su shigo su ɗaga murya kamar kurma suke yi wa magana. Wasu su zauna a gabansa su juyo gare ni, suna tambayata ko ya ci, ko ya yi barci, ko yana gane mutane. Sai in ga ya lumshe ido. Abin da ya fi yi mini ciwo Garba ne. Ya shigo ya durƙusa, ya cire hula, ya sassauta murya.

"Sannu, Malam. Allah ya ba da lafiya. Sannu, sannu."

Malam. Mutumin da shekara da shekaru bai san shi da wani suna ba sai bawa. Bayan ya fita babanku ya daɗe yana kallon labulen ƙofa. Daga nan in ya ji sallama sai ya juya fuska bango, ni kuma in ce barci yake.

Sai batun abinci. Ranar da ya dawo na ajiye masa tuwo a gabansa na fita, da na dawo na tarar bai taɓa ba. Na kawo cokali, ya ture. Cokalin ma ai hannu ke riƙe shi. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya dube shi, da kyar ya haɗa kalma biyu.

"Hagu... tsarki."

Na gane. Hannu ɗaya ya rage masa, shi ne kuma hannun da tun yana yaro aka doke shi a kan kada ya kai shi akushi, hannun da yake kewayawa da shi. Mai tsafta irin babanku ya gwammace yunwa. Don haka na koma ba shi a baki da hannuna, a saki labule, a kore ku waje. Yana karɓa idonsa na ƙasa. Miyarsa daban nake yi, ba gishiri.

Duk da haka akwai abu ɗaya da bai bari ba. Da an kira magariba sai in ji cokali a ƙarfen gado. In na leƙa ya nuna mini wajen lungu. Wato a fitar da langarsa. Na ci gaba da tuƙa tuwon maza kamar yana cikinsu, malmala uku da miya da man shanu, ana kai wa ƙofar Alaramma. Sai ya sa in buɗe masa taga. Zai jingina da bango yana sauraron hirarsu, in an yi dariya gefen bakinsa mai rai ya motsa. In langar ta dawo, sai na kawo ta gabansa na buɗe ya gani a suɗe. Ya gyaɗa kai, sannan ya yarda in ba shi nasa. A haka muka ƙarasa damina, a haka takardar sallama daga aiki ta same shi, da magariba dai ya buga cokalinsa.

Wata rana langar ta dawo da nauyinta. Yelwa, matar Alaramma, ita ta ɗauko ta da kanta, ga wasu languna biyu ta ɗora a kai. Ta tsaya a tsakar gida, daidai ƙofar ɗakinsa, ta faɗi saƙo da murya mai daɗi.

"Alaramma ya ce a gaishe ki da ɗawainiya. Sun yi shawara, sun ce ki huta da fitar da tuwon nan. Ga jinya, ga yara, ga Akawu ba aiki. Daga yau su za su riƙa aiko muku."

Na yi godiya, don ba a mayar da alheri. Amma ban taɓa jin haushin alheri irin na ranar ba. Cokali ya buga. Na so in juye tuwon a wani wuri in kai masa langar wayam, sai na tuna ya ji komai. Na kai, na buɗe. Malmala uku suna zaune yadda na jera su, man shanu ya daskare a kan miya. Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sai ya nuna taga, na ɗauka ƙara buɗewa yake so, ashe rufewa yake nufi. Daga ranar bai sake buga cokali da magariba ba. Abincin ma sai ya karɓi loma biyu ya damƙe baki. Ina kallo wuyansa ya zurma, zoben azurfarsa ya fara zamewa daga yatsa.

Cikin wannan hali Baffanku Alhaji ya iso daga gida. Ina so ku san shi da kyau kafin ku yanke masa hukunci. Shi ya riƙe babanku tun mahaifinsu ya rasu, shi ya yi noma ya bar ƙanensa ya yi boko. Da ya shiga ɗakin ya ga yadda ya koma, kuka ya yi, dattijo da gemunsa. Da ya fito ya zauna a tabarmar da na shimfiɗa masa, ni ina durƙushe a bakin madafi.

"Kulu, ki haɗa masa kayansa. Ranar Asabar zan dawo da mota. Gari irin wannan ba wurin marar lafiya ba ne, kowa ya shigo ya kalle shi ya fita. A gida za mu rufa masa asiri. Ɗakin Kawu yana nan, na sa an yi masa yaɓe."

Ɗakin Kawu. Na san ɗakin. Ina amarya na tarar da kawunsu a ciki, irin wannan ciwon ne ya kwantar da shi. Ɗaki ne a can ƙuryar gida, bayan rumbuna. Ba a wulaƙanta shi ba, Allah ya sani. Ana wanke shi, ana ba shi abinci a kan lokaci, ana turara ɗakin. Amma ban taɓa ganin wani ya zauna ya yi hira da shi ba. Daga bakin ƙofa ake miƙa gaisuwa a wuce. Ranar da ya rasu wasu maƙwabta mamaki suka yi, sun ɗauka ya daɗe da tafiya.

Na ce, "Yaya, an tambaye shi?"

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. "A tambayi wa? Mutumin da ba ya iya kiran sunansa?"

"Yana ji, Yaya. Duk abin da muke faɗa yanzu yana ji."

"To, in yana ji ya san ni ne yayansa. Asabar."

Bayan ya tafi na shiga na zauna a bakin gado. Na ce, Maigida, kana son tafiya? Bai juyo ba. Na sake tambaya. Can sai ya motsa kafaɗarsa mai rai.

"Duk... ɗaya."

Da ya ce yana so, da na haɗa kayan na bi shi. Da ya ce ba ya so, da na san abin da zan tsaya a kai. Amma duk ɗaya, wannan maganar mutumin da ya gama da duniya ce. Na gane ɗakin Kawu ba sai an je garinsu ba, mun riga mun gina shi a Unguwar Shanu, har da ni cikin maginan, ni da nake ce wa mutane barci yake. Tsoro ya kama ni sosai. Ban ji tsoro haka ba ko ranar da ya faɗi.

Washegari bayan la'asar na yafa mayafi na shiga gidan Alaramma. A zamanin nan matar aure ba ta zuwa neman magana da malami ba mijinta ya aiko ta ba, Yelwa har ta riƙe baki. Na ce ta yi mini iso. Na durƙusa a bayan asabarin ɗakinsa, yana ciki ina waje.

"Allah gafarta Malam, na zo in ji laifin tuwona."

"Subhanallahi, wane laifi? Mu da kullum langarki muke fara jawowa. Gani muka yi kamar muna cin haƙƙin marar lafiya. Tausayi ne, 'yata."

"Tausayin nan ya kusa kai shi kabari. Shi ba ya iya fitowa, langar ce take fita a madadinsa. In ta dawo a suɗe, ya san har yanzu yana cikinku. Kun koro ta, Malam. Shi kuka koro."

Na ji ya ajiye allon da ke hannunsa. Na gaya masa komai, batun hagu, batun ɗakin Kawu, batun Asabar. Ya ce ai cin abinci da hagu ga mai lalura ba laifi, addini ya yi masa rangwame, in ana so ya zo ya karanta masa. Na ce Akawu ya sani, shi ma ya yi karatu daidai gwargwado. Na ce, Malam, ba hukuncin Allah yake tsoro ba, idonku yake tsoro.

"To, me kike so mu yi?"

"Ranar Asabar ku shimfiɗa tabarminku a ƙofar gidanmu. Ku gaya wa Garba kuma ya daina yi masa sannu."

Na ji ya yi 'yar dariya, irin wadda ba ta daɗi ba. Ya ce Allah ya kai mu.

Ranar Asabar Baffanku ya iso da yamma da direbansa a cikin a-kori-kura, an shimfiɗa katifa a baya. Niyyarsa su kwana su kama hanya da asuba. Ya leƙa ɗaki bai ga ƙunshi ko ɗaya ba. Ya fito ya tambaye ni ina kayan. Bakina bai yi rawa ba, kun dai san bakina.

"Ban haɗa ba, Yaya. Ka yi haƙuri, ba zan haɗa ba."

"Ke kika haife shi?"

"A'a. Kai ka raine shi, ban manta ba. Amma in ya shiga ɗakin nan ba zai ga wata damina ba."

"Kulu, in kika shiga tsakanina da ɗan'uwana, ƙafata ta bar gidan nan, ba ni ba ke."

Sai aka kira salla. Ya shuri takalmansa ya fita masallaci.

Na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka, na zuba man shanu. Tun da babanku zai sa hannu a ciki, ban sa gishiri ba ko kaɗan. Ana idar da salla na ji ana jan tabarmi a ƙofar gidanmu, ana dire languna. Sai muryar Alaramma daga zaure.

"Salamu alaikum. Akawu, mun zo cin tuwon gidanka. Muna ƙofa."

Babanku ya zaro ido ya dube ni. Na ɗauko farar rigarsa ta Juma'a da hularsa. Ya ture hannuna, ya girgiza kai, ya yi ta neman kalmar da zai zage ni da ita ta ƙi zuwa.

Na ce, "Ni na kira su. In ka ga dama gobe ka sallame ni. Amma yau baƙi ne a ƙofarka, ni kuma mace ce, ba ni zan fita in tare su ba."

Na san mutumina. Zai iya ƙin abinci, zai iya ƙin magani, amma ba zai iya barin baƙo tsaye a ƙofarsa ba. Ya daɗe yana huci, sannan ya miƙo mini mataccen hannun da mai ran, na zura masa riga. Na sa masa hula, ya kai hannu ya karkata ta da kansa. Ya dafa kafaɗata muka ratsa tsakar gida yana jan ƙafa, har ƙofar zaure ta ciki. Nan iyakata. Alaramma ya karɓe shi. Na laɓe a bayan ƙyaure ina leƙe ta tsaga.

Suka zaunar da shi ya jingina da dakali. Baffanku na gefensa, fuska a murtuke, don an ce masa bisimilla a matsayin baƙo, ba yadda zai ƙi. Aka zuba wa kowa ruwa ya wanke hannu, Alaramma da kansa ya zuba wa babanku a hagu. Aka jawo langata tsakiya. Ba wanda ya motsa. Baffanku ya kai hannu zai ɗaga murfin, ya ce bari ya ɗiba masa a wani kwano ya ba shi a baki.

Alaramma ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. A nan mai langa ke buɗewa, shi ke fara sa hannu."

Babanku ya sunkuyar da kai. Hannunsa na hagu na kan gwiwa. Har na fara cewa a raina na kashe shi da hannuna, na fito da shi na kunyata shi a gaban jama'a. Sai Garba ya gyara zama ya yi tsaki.

"Kai, Bazazzagi, ashe ciwon nan duk bai raba ka da rowa ba? Wata da watanni ka ɓuya a ɗaki kana cinye man shanu kai kaɗai. Buɗe mana, bawan banza, ubangidanka na jin yunwa."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin babanku, na ɗauka kuka ne. Dariya ce, karkatacciya, rabin fuska. Ya ɗago hannun, ya kama murfin, ya zame masa, ya sake kamawa ya ɗaga. Ya yi bisimilla, farkonta ne kawai ya fito. Ya gutsuri tuwo, ya tsoma a miya. Lomar farko ba ta kai baki ba, ta faɗo a kan farar rigar. Ta biyu ta kai, miya ta biyo gefen bakin da ba ya ji. Kafin ya ɗago ido ya ga ko ana kallonsa, Garba ya riga ya zura hannu daidai gurbin da ya gutsura, Alaramma ya sa, kowa ya sa. Garba ya kai baki ya yamutse fuska.

"Wannan kuma miyar asibiti ce? Zage-zagi har gishiri kuke ɓoyewa?"

Aka kwashe da dariya. Baffanku ne kaɗai bai sa hannu ba. Ya dubi miyar da ke rigar ƙanensa, ya dubi masu dariya, ya miƙe.

"Kun mai da ɗan'uwana abin wasa," in ji shi.

Ya kira direbansa, ko kwanan bai yi ba. Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Abin da idonsa ya gani ke nan, kuma don yana son sa ne ya kasa jurewa.

Ya cika maganarsa. Bai sake taka gidanmu ba sai ranar jana'izar babanku, shekaru da yawa bayan nan, ranar ma a gidan Alaramma ya ci abinci. Kun tashi ba ku san 'ya'yan baffanninku ba. Da aurenku ya zo, maƙwabta ne suka tsaya a inda dangin uba ke tsayawa, na ga yadda abin ya taɓa ku ko da ba ku faɗa ba. A garinsu akwai hannaye da yawa da za su ɗaga shi su kwantar, a nan ni kaɗai ce, ciwon bayan nan da kuke ji ina kuka da shi tun daga lokacin ne. Hannun bai dawo ba, keken ya yi tsatsa a zaure, maganar ma rabi ta dawo. Ban ce muku na yi daidai a komai ba. Amma uban da kuka sani, mai zama a dakali yana hararar duk wanda rigarsa ta yi datti, mai sa ku karanta masa jarida yana gyara muku da sanda, a daren nan na same muku shi.

Da aka tashi, Alaramma ya kawo mini shi har ƙofar zaure, aka turo langar a bayansa. Na kai shi ɗaki na zaunar. Rigar Juma'a ta ɓaci da miya tun daga wuya har cinya, ina jira ya gani ransa ya ɓaci. Bai ko dube ta ba. Na kawo buta da kwano, ya miƙo hannun na wanke masa. Sai na ga bakinsa na motsi, yana farautar kalma. Na jira.

"Kulu."

Rabon da in ji sunana a bakinsa tun kafin ya faɗi. Na ce na'am.

"Gishiri... ki sa."

"Likita ya hana, Maigida."

Ya girgiza kai, ya nuna wajen lungu. "Nasu. A murfi... daban. Gobe."

Tun da ya kwanta ban taɓa jin ya ambaci gobe ba. Na ce to. Ya nuna taga, na buɗe masa. Sannan na jawo langar gabansa na ɗaga murfi ya gani, babu ko loma a ciki.